Tsohon da Ke Nuna Silin

Akwai wani mai sayar da tayoyin mota, kowa Mai Taya yake ce masa, har 'ya'yansa in suna hirarsa a bayan ido. Hannunsa a sake yake, ba ya hana kowa abinsa, amma bakinsa sai addu'a. In ka ce masa rana ta fito, sai ya leƙa waje ya dawo ya ce maka ba haka ake faɗa ba.

Matarsa tela ce, kekenta na ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Tana son finafinan Koriya, tana ɗinki tana kallo a waya, tana karanta fassarar da ke ƙasa. Da allura ta soke ta ya fi a ƙirga saboda raba ido biyu, sai ta ce bari ta koyi yaren ta huta. Ta shiga darasi ta waya, ta dage. Shekaru suka tura, har ta kai tana jin fim gaba ɗaya ba ta ɗaga kai daga keke ba. Daga baya ma ta fara taɓa Japananci.

Wannan abu ya tsaya wa Mai Taya a rai. Ya laƙaba mata suna 'Yar Koriya. In baƙi sun zo sai ya murɗe baki ya kwaikwaye ta, a yi ta dariya.

"Ke wannan yaren naki na tsuntsaye, a wace kasuwa ake cinikinsa?"

Wani kamfanin injuna ya taɓa neman tafinta, ƙawarta ta kai sunanta, ya ce ba a gidansa ba. Wata rana kuma ya dawo ya tarar tana koya wa autarsu gaisuwa da yaren. Ya fizge iyafis daga kunnenta, ya ɗauki almakashinta na ɗinki ya datse wayar.

"Kada na ƙara jin wannan yaren a inda nake. Kin ji na gaya miki."

Ta tsince guntayen ta zuba a kwandon ƙyalle. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ta ci gaba da karatunta in ya tafi shago.

Ana nan, wata rana yana jera tayoyin manyan motoci, sai jerin ya zame ya danne shi, ƙashin cinyarsa ya karye. Aka kai shi asibiti, ɗakin maza da ke saman bene. Ɗakin cike yake, gado ɗaya ne kawai babu kowa, can a lungu, nesa da sauran, kusa da wurin wanke hannu.

Babbar nas ta ce in yana so a ajiye shi a baranda zuwa gobe, wataƙila a sallami wani.

"Ga gado a ce baranda? Me ya samu wannan?"

Wani mahauci da ke jinyar ƙafa a gadon da ke biye ya ɗago kai. "Ɗan'uwa, ka karɓi barandar. Wanda ya fara kwana a nan bai tashi ba. Na biyu da ƙafarsa ya gudu, ƙarin ruwa a hannunsa, ya ce wani na tafiya a samansa da tsakar rana."

Mai Taya ya yi dariya har cinyar ta amsa. "Maza da gemu kuna tsoron katifa? Ku kwantar da ni. In aljanin ya zo ku ce masa Mai Taya na nan, ya zo mu yi ciniki."

Aka kwantar da shi. Aka rataye ƙafar a jikin ƙarfen gadon, aka ɗaura mata nauyi da igiya, aka ce ko juyi kada ya yi. Abin da ke gabansa kawai shi ne silin fari mai ɗan tabo kamar na shayi, sai gadon da ke kallonsa daga ɗaya bangon.

A kan wannan gadon akwai wani tsoho, ɗan ƙasar Koriya, ƙarami, gashinsa fari fat. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Mahauci ya ce tsohon ya daɗe a garin yana gyaran injuna, matarsa ta rasu, ba shi da kowa. Da yana jin yaren gari tsaf, har da Turanci, amma tun da ciwon ya buge shi duk suka goge, sai yaren da uwarsa ta yi masa ya rage. Ba mai jin abin da yake cewa. An gwada sa masa wayar da ke fassara, amma harshensa ya yi nauyi, wayar sai shirme take kawowa. An ba shi biro a hannun hagu, sai karkarwa.

Da safe tsohon shiru yake. Likita ya zagaya, aka yi allurai, masu jinya suka fita, ɗaki ya yi tsit, zafin rana ya sauko. Kowa ya fara gyangyaɗi.

Sai Mai Taya ya ji kamar ana kallonsa.

Ya karkato ido. Tsohon ya buɗe idanunsa duka, ya kafe shi da su. A hankali hannunsa na hagu ya ɗago yana rawa, yatsa ɗaya a miƙe, ya nuna saman kan Mai Taya. Ya fara magana, murya can ƙasan maƙoshi, kalmomi 'yan kaɗan, in ya kai ƙarshe ya dawo farko. Yawu na zuba ta gefen bakinsa, bai daina ba.

Mai Taya ya dubi silin. Ba komai sai tabon.

Sai ya ji wani nishi daga sama, dogo, irin na mutumin da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa. Ya tsaya, ya sake. Bayansa sai wani ƙas, ƙas, a hankali, kamar mai taku yana gudun a ji shi.

Mai Taya ya dubi mahauci, mahauci ya ja mayafi ya rufe fuska, leɓensa na motsi da addu'a.

Bayan wani lokaci nishin ya lafa. Hannun tsohon ya faɗi a kan katifa, amma idonsa bai bar Mai Taya ba, kuma hawaye ne ke gangarowa cikin kunnensa.

"Kullum haka yake yi," in ji mahauci daga ƙarƙashin mayafi. "Duk wanda aka sa a gadon nan. Wasu sun ce yana ganin mai ɗaukar rai ne a saman mutum, wasu sun ce shi ke kiransa."

"Ɓeraye ne," in ji Mai Taya. Amma muryarsa ba ta fito yadda ya so ba.

Da yamma matarsa ta kawo abinci. Lokacin tsohon ya gaji, ya yi barci. Ta ga fuskar tsohon, ta tsaya, ta tambaya ko ɗan ina ne. Mahauci ya gaya mata.

"To, ga danginki nan," in ji Mai Taya. "Wallahi in na ga ƙafarki kusa da gadon mayen nan, sai ranki ya ɓaci. Ki ajiye abinci ki zauna inda na gan ki."

Ta zauna inda ya gan ta.

Kwanaki suka yi ta tafiya, kullum da tsakar rana abu ɗaya. Ɗaki ya yi shiru, tsoho ya ɗaga yatsa, sama ta yi nishi. Mai Taya ya lura tabon yana faɗaɗa, amma ya ce wa kansa idonsa ne. Ya fara tarar da wani gari mai laushi a kan zanin gado, launin ƙasa, in ya kaɗe gobe ya dawo. Wata rana yana kwance ido a rufe, ɗigon ruwa mai sanyi ya sauka a tsakiyar goshinsa. Ya buɗe ido, silin a bushe, tsoho na kallonsa.

Tsoro ya shige shi sosai. Abinci ya daina wucewa. Da hantsi ya yi sai gabansa ya fara faɗuwa, yana kallon inuwar taga tana gajarta a ƙasa. Sau da yawa ya buɗe baki zai roƙi babbar nas ta canza masa wuri, sai ya tuna cikar bakin da ya yi a gaban maza, ya haɗiye. Jama'a, girman kai ciwo ne, kuma asibiti ba ta da allurarsa.

Ran nan abin ya ishe shi. Tsohon na tsakiyar maganarsa, Mai Taya ya rarumi kofin roba ya wurga masa. Kofin ya same shi a ƙirji, ruwa ya jiƙa rigarsa.

"Ka ci kanka, tsohon banza. Me na yi maka?"

Tsohon bai ko duba rigar ba. Ya sake ɗaga yatsan.

Washegari matarsa ta zo da rana tsaka, abin da ba ta saba ba, don da yamma za ta kai ɗinkin mutane. Ta shigo da kwanon abinci, ta gaida mahauci, ta durƙusa tana gyara wa mijinta matashi. Sai tsohon ya fara.

Mai Taya ya ga hannunta ya tsaya cak a kan matashin. Ta juya a hankali, ta karkata kai irin yadda take yi in tana sauraren fim a bakin keke.

"Kada ki kula shi," ya ce. "Ke, da ke nake."

"Baban yara, yi shiru."

Tunda suka yi aure ba ta taɓa ce masa haka ba. Kafin ya gama mamaki ta tsallaka ɗakin, ta durƙusa gaban gadon tsohon, ta sunkuyar da kai, ta yi masa magana da yaren nan da aka hana ta.

Tsohon ya kama wuyan hannunta da hannunsa mai lafiya, ya fashe da wani irin kuka marar sauti. Duk ɗakin aka farka ana kallo.

Ba ta gane shi da sauƙi ba, don rabin kowace kalma a maƙoshinsa take maƙalewa. Sai ta riƙa maimaita abin da ta ji, tana tambayarsa, in daidai ne ya matse hannunta, in ba daidai ba ya girgiza kai, ta sake. Sama ta fara nishinta. Mai Taya na kwance yana jin su biyu, nishin da muryar matarsa, ya rasa wanne ya fi tayar masa da hankali.

Can ta miƙe. Fuskarta ta canza. Ta tafi ƙofa ta kira babbar nas, ta dawo ta tsaya tsakanin gadajen biyu.

"Anti, ina aka tsinci tsohon nan ranar da ya faɗi?"

Nas ta ce a nan baranda, gindin tsani.

"Ya ce ku kuka kira shi ya gyara injin da ke tura ruwa sama. Ya ce akwai babban tanki a cikin rufin nan, tsakanin kwano da silin, a kan katakai, daidai saman gadon mijina. Shekaru injin ba shi da ƙarfi, tankin ba ya wuce rabi. Da ya gyara ya hau ya duba, sai ya ga katakan duk gara ta cinye, ruwa kuma ya ruɓar da su. Ya sauko da sauri ya ce muku kada a cika shi, a gindin tsanin ciwon ya kama shi."

Daga sama aka ji ƙas.

"Ya ce kullum da rana in an tayar da injin yana jin sa ta bango, ya san tankin na cika har baki. Ya ce shi ya gyara injin, in ya kashe mutum hannunsa ne. Ya ce yau ƙarar ta bambanta."

Babbar nas ta ɗaga kai ta dubi silin. Ta ce tabbas shi aka kira, kuma tun ranar ba wanda ya hau, tunda ruwa na zuwa. Ta ce bari ta aika a kashe injin, a nemo mai gyara ya duba.

"A kashe, amma mijina ba zai jira mai gyara ba."

Nan fa halin Mai Taya ya motsa. Duk maza na kallonsa, ga matar da ya hana magana ta zama ita ake saurare.

"Ke kin tabbata kuwa? Mutumin da ko waya ba ta gane shi ba, ke ce da yaren fim za ki..."

Ta matso ta dube shi cikin ido. Idonta ya cika da ƙwalla, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Baban yara, ka yanke min iyafis na yi shiru. Ka mayar da ni abin dariya gaban baƙi na yi shiru. Ka taɓa kama ni da ƙarya?"

Ɗigo ya sauka a goshinsa. Wani ya biyo, a kan leɓensa, yana ɗanɗanon ruɓaɓɓen itace.

"Ku tura ni," ya ce a hankali. "Don Allah ku tura ni."

Tayoyin gadon sun yi tsatsa, ɗaya ta ƙi juyawa sam. Mai sayar da taya, ga shi taya ta hana shi tafiya. Matarsa ta kama kan gadon, nas ta riƙe nauyin da ke rataye don kada ya fizgi ƙafar, mahauci ya sauko da ƙafa ɗaya ya sa kafaɗa. Gadon ya yi ƙara ya motsa, cinyar ta amsa, Mai Taya ya cije leɓe har jini. Suka ja shi taku kaɗan-kaɗan, suka wuce wurin wanke hannu, suka kai tsakiyar ɗaki. Gari na zubowa daga silin kamar ana tankaɗe.

Sai nishin ya tsaya. Shirun ya fi nishin ban tsoro.

Mai Taya na kallo silin ya yi ciki, ya tsage, baƙin tanki ya faɗo tare da katakai da ruwa, ya daki inda gadon yake har benen ya girgiza. Ruwa ya malale ɗakin, ya kwashe takalma da kwanuka ya yi baranda da su. 'Yar durowar ƙarfen da ke gefen kansa, wadda matarsa ta ajiye kwanon abinci a kai, ta lotse ta manne da ƙasa.

Ba wanda ya ji rauni. Mahauci sai salati yake, ya kasa tsayawa.

Mai Taya ya juya kai ya nemi tsohon. Yana nan kwance, ruwa na wucewa ƙarƙashin gadonsa. Ya dubi ramin da ke silin, ya dubi Mai Taya, sannan ya sauke hannunsa ya sa a ƙirji. Ya lumshe ido. Mahauci ya ce tunda ya zo ɗakin bai taɓa ganin ya yi barci da rana ba sai ran nan.

Aka kwashe majinyata aka rarraba su ɗakuna. Mai Taya a wani ɗaki a ƙasan bene, tsohon a wani can ƙarshen barandar ƙasan.

Da yamma Mai Taya ya kasa haɗa ido da matarsa. Kunya ta rufe shi. Ya daɗe yana wasa da bakin mayafi kafin ya ce, "Maman yara, yaya ake cewa na gode da yaren?"

Ta gaya masa: kamsahamnida.

Ya gwada, harshensa ya harɗe. Ya sake, ya harɗe. Ta yi murmushi, ta ce ko haka ya faɗa tsohon zai gane, bari ta roƙa a tura gadonsa yanzu.

"A'a, bari sai na iya sosai. Ba zan je na yi abin kunya gaban mutum ba. Gobe."

Kun ji fa. Ko a nan ɗan guntun girman kan bai sake shi ba.

Ya yi ta maimaitawa har ta zauna a bakinsa. Da gari ya waye, likita na gama zagaye, ya ce a tura shi. Matarsa da wani ma'aikaci suka bi da shi doguwar baranda, yana ta nanata kalmar a zuci kada ta gudu. Suka kai ƙofar ɗakin.

Gadon a gyare yake, an shimfiɗa sabon zani, an naɗe mayafi.

Babbar nas ta ce tun barcin nan da ya yi jiya bai farka ba, a cikinsa ya rasu. Ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba, kamar wanda ya sauke kaya.

Mai Taya ya kalli gadon. Ya tuna kofin da ya wurga, da ruwan da ya jiƙa rigar, da yatsan da ya sake ɗagowa. Ya buɗe baki ya faɗi kalmar, daidai, ba harɗewa ko kaɗan. Ba mai jin ta a ɗakin sai matarsa. Sai ya sa hannu ya rufe fuska, ya yi kukan da bai yi ba ranar da cinyarsa ta karye.

Yau yana tafiya da ɗan ɗingishi. Matarsa tafinta ce a kamfanin nan na injuna, shi da kansa ya raka ta ranar farko, kuma shi ya sayo sabon iyafis, har biyu, ɗaya nasa. Autarsu ce ke gyara masa furuci, tana yi masa dariya, yana haƙuri. Amma yaran shagonsa sun ce har yanzu in rana ta take, kasuwa ta yi shiru, sai ka ga ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ɗaga kai ya dubi sama, leɓensa na motsi.

Darasi: Kada ka raina ilimin da ba ka ga amfaninsa yau ba. Kowane yare ka koya, Koriyanci ne, Japananci ne, ko wani, kunne ka ƙara wa kanka, kuma ba ka san ranar da gargaɗin da zai ceci ranka zai zo da shi ba. Rashin sani ya fi dare duhu: wanda ba ka jin yarensa ba maƙiyinka ba ne, wataƙila shi ke yi maka kuka. In matarka ko 'yarka ko ƙaninka na koyon wani harshe, ka ƙarfafa musu gwiwa. Godiya kuma kada ka ce sai gobe. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana yi wa mai neman ilimi dariya, ko Allah ya sa ya ji tun silin bai tsage ba.